Layin biro a ƙafata

Salamu alaikum jama'a. Na san shirun nawa ya yi yawa, har wani tsohon ɗalibina ya rubuto yana tambaya ko na daina lissafi na koma kiwon kaji. Ina nan. Ƙafa ce ta kwantar da ni, yau kuma zan ba ku labarin.

Ga wanda bai san ni ba, malamin lissafi ne ni a Gusau. Abin da na fi koyarwa shi ne difarenshiyal, wato lissafin saurin canji. Ba yawan abu kaɗai muke tambaya ba, muna tambayar saurin ƙaruwarsa ko raguwarsa. Da shi ake auna yaɗuwar annoba da yadda magani ke ƙarewa a jini.

Bayan girbi na je gonarmu a Kucheri, kututturen karan dawa ya soke ni a ƙaramin ɗan yatsan ƙafa ta dama. Na wanke, na ɗaure, na manta.

Ciwon bai manta da ni ba. Yatsan ya kumbura ya yi duhu, ja ya fara hawa bayan ƙafa, zazzaɓi ya biyo baya.

Wani likita abokina ya rubuta mini ƙwayoyi, yana kuma bugo waya ya ji ya jiki. Kun san amsarmu. Da sauƙi. Ni na ce da sauƙi, maiɗakina Hadiza ta ce da sauƙi, Inna ma da ta karɓi wayar ta ce sauƙi sai godiya. Mu a wurinmu addu'a ce da ladabi. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka rahoto muke ba shi, ya ce a ci gaba da maganin.

Ranar da ya zo da kansa ya ga ƙafar, bai ko zauna ba. A motarsa muka tafi asibiti.

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙafa, aka sa ƙarin ruwa da allura ta jijiya. Gwaji ya nuna ina da ciwon suga ban sani ba. Babur ɗina ya tafi a kuɗin magani, ban ko yi masa bankwana ba.

Likitar ɗakinmu ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce yatsan ya riga ya mutu, sai an cire. In kuma jan nan ya ci gaba da hawa, maganar ƙafa za a yi, daga ƙasan gwiwa.

Na ji tsoro, ba zan yi muku ƙarya ba. Mutumin da sana'arsa tsayuwa gaban allo ce.

Ta ciro biro ta zagaye iyakar jan a fatata. Kowace safiya in ta zo zagaye sai ta sake zana sabon layi.

Washegari jan ya tsallake layin da faɗin yatsu uku. Da gari ya sake wayewa ya ƙara tsallakewa. A nan hankalin Yaya Sani, babban wana, ya tashi. Ya ce akwai mai maganin gargajiya wajen Nahuce, har ya yi magana da direba.

"Bashiru, tashi mu tahi. Wagga ƙahwa ƙaruwa takai, su ko jira sukai su yanke."

Ba don ƙi ya faɗa ba, idonsa cike yake da hawaye. Inna tana bayansa, Hadiza ta rasa wanda za ta bi.

Ni kuwa layukan nake kallo. Tazarar farko yatsu uku. Ta biyu ba ta kai biyu ba.

Ƙwayar cuta, yawanta ne ke ƙara mata saurin haihuwa. Da ita kaɗai ke aiki, tazarar yau sai ta fi ta jiya faɗi. Tunda tazarar ta ragu, akwai abin da ke kashe ƙwayoyin cutar, ya kuma kusa kamo haihuwarsu. Abin da nake rubutawa a allo shekara da shekaru, ga shi a zane a ƙaurina.

Na ce masa: "Yaya, in mota ta taho da gudu direba ya taka birki, nan take take tsayawa? Tana ƙara gaba, amma gudun na raguwa. Birkin ya kama. Ba ni zuwa ko'ina."

Ya ce lissafi ya taɓa mini kai. Na ce ya daɗe da taɓawa, a kira likita ta raba mu.

Ta duba, ta ce haka ne, ja kan ƙara gaba kaɗan bayan an fara allura. Ta haɗa da zazzaɓina da ya sauka da sakamakon jini, ta ce alamar mai kyau ce, amma in ban tsaya an gama ba, ba ta lamunce ƙafar ba.

Yaya ya sallami direba yana ƙunƙuni.

Jan ya ƙara ɗan taɓawa, ya tsaya a kan layi, sannan ya fara ja da baya. Aka cire yatsan. Wankin ciwon kam, kada Allah ya maimaita.

Godiya ta tabbata ga Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da Hadiza da ta koyi girki ba suga, da Yaya Sani wanda yanzu yake ba mutane labarin birki kamar shi ya ƙirƙiro.

Shawarata: ku auna suga ko kuna jin garau. Ciwon ƙafa in ya canza launi, a tafi asibiti a ranar. In maƙwabci ya ce ya jiki, ku ce da sauƙi. In likita ne, ku gaya masa ya fi jiya ko bai kai jiya ba. Kada kuma wani ya ɗauki biro ya zama likitan kansa, ni ma sai da aka tabbatar mini.

Makon jiya na koma aji. Shugaban sashe ya sa an ajiye mini kujera gaban allo. Na gode masa, na matsar da ita gefe, na yi darasina a tsaye har aka tashi.