Ranar da Muka Ce Kasuwa Za Mu

Ban san daidai lokacin da naƙudata ta fara ba. Duk wanda ya tambaye ni nakan ba shi amsa daban, ba don ina ƙarya ba, sai don ni kaina ban tabbata ba. Abin da na sani shi ne ranar Asabar ce da hantsi, ina zaune a kan tabarma a ɗakinmu na haya a Samaru ina tsince shinkafa, sai na ji bayana ya riƙe kamar an ɗaura mini igiya a ƙugu ana ja a hankali. Ya saki. Can kuma ya dawo.

Cikin fari ne. Na yi karatu har jami'a, kuma a watannin nan babu abin da ban karanta a waya ba game da haihuwa, amma yawancin abin da na karanta ciwon mara yake faɗi, ni kuwa baya ne. Ga shi a kwanakin baya na tara mutane a banza. Na ji wani ciwo na ce haihuwa ce, matan gidan suka rako ni har bakin titi da addu'o'i, maigidana yana riƙe da ƙatuwar jakar kayan haihuwa, muka je aka duba ni aka ce da saura. Na dawo gidan da cikina kamar yadda na fita da shi. Babu wadda ta yi mini dariya a fili, amma yaran gidan sun kwana biyu suna tambayata ina jaririn.

Abu ɗaya ne ba na shakka a kansa. A asibitin da nake awo, can ta hanyar Shika, nas ɗin da ke gwada mu ta ce jinina yana hawa, ga ƙafafuna sun kumbura. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ba irin masu zama a gida su jira ba ce. Da kin ji ciwo ki taho, ko da kullum za mu mayar da ke. In kika ji ciwon kai ko idonki ya fara gani dishi-dishi, kada ma ki tsaya sa takalmi. In jinin nan ya hau a gida jijjiga ce, kuma ba ke kaɗai za ta taɓa ba."

Saboda asibitin nan ne ma ban tafi gida haihuwa ba kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. A maimakon haka Gwaggo, yayar mahaifina, ita ta baro Dogarawa ta tare a wurina. Tana gefe tana jan carbi, ashe tana kallona.

"Shi ne?" ta ce.

"Ban sani ba, Gwaggo. Kamar shi, kamar ba shi ba."

"Shi ne." Ta tashi ta tura ƙofa. "To ki saurare ni. Wancan karon bakin mutane ne ya mayar da shi. Naƙuda duk kunnen da ya ji ta ƙara mata tsawo yake yi. Ba za mu gaya wa kowa ba, har mijinki, sai mun isa."

Maigidana ya tafi Giwa ta'aziyya tun da safe. Ba zan ce na yarda da maganar Gwaggo ba, amma ba zan ce na ƙi ba. Ina jin na yi tunanin babu abin da za ta rage ni da shi, tunda dai asibitin za mu. Kuma in na faɗi gaskiya, ban so a sake rako ni bakin titi ba.

Babbar jakar kowa a gidan ya san ta, don haka muka bar ta. Gwaggo ta cusa zannuwa da 'yan kayan jariri a jakar cefane, ni kuma na sa katin awo a ƙaramar jakata, muka sa hijabai muka fito kamar masu zuwa unguwa.

A bakin ƙofar gida muka tarar da Malama tana goge gilashin tsohuwar motarta. Maƙwabciyarmu ce, malamar firamare, Kirista 'yar kudancin Kaduna, ta kusa sa'ar mahaifiyata. Tun da aka kawo ni gidan, "Amarya" take ce mini, har yau ba ta daina ba.

"Amarya, ina za ki da wannan tulun a ranar nan?"

Gwaggo ta riga ni. "Kasuwa za mu leƙa, Malama. An ce ta riƙa motsa jiki."

"Ta nan Samaru?"

Ina jin Gwaggo ta yi lissafin cewa in ta ce ta Samaru, za a yi mamakin ganinmu muna tsayar da abin hawa, tunda da ƙafa ake zuwa. Sai ta ce, "Sabon Gari."

"Yawwa, Allah ya haɗa mu! Can za ni, kifi zan sayo, gobe ina da baƙi bayan coci. Ku shiga."

"A'a, kada mu ɓata miki lokaci."

"Wane lokaci, Hajiya? Ni in bar mai tsohon ciki ta hau adaidaita a ramukan nan? In mijinta ya ji me zan ce masa? Amarya, shiga baya ki miƙe ƙafa."

Na dubi Gwaggo, ita ma ta dube ni. Muka shiga. Da muka fito babban titi Malama ta juya kan motar ta ba Shika baya, na waiwaya ina kallon hanyar asibitina tana nisa.

Gwaggo ta matso kunnena ta ce in mun kai Kwangila za mu ce mun yi mantuwa mu sauka. Da muka kai ta fara, "Malama, in da hali a nan ma..." Malama ta ce a cikin tirelolin nan? Ko kare ba za ta sauke a nan ba. Ta haye gada ta wuce. Tana tuƙi tana ba mu labarin haihuwarta ta fari, yadda ta ciji hannun ƙanwar mijinta har yau akwai tabo. Gwaggo tana ta cewa ikon Allah. Ni kuwa ciwon yana zuwa yana tafiya, in ya zo in damƙi bayan kujerar gaba in ƙura wa wani ɗinki na rigar kujerar ido har ya wuce.

"Amarya, kin yi shiru."

"Lafiya lau, Malama."

A nan ne kaina ya fara sarawa. Na kuma riƙa ganin wasu ƙananan abubuwa masu haske suna yawo a gaban idona. Na tuna maganar nas. Amma rana tana dukan gilashi, kuma ban karya da wani abin kirki ba, sai na ce wa kaina wataƙila yunwa ce, wataƙila hasken ne. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga ban san ta inda zan fara ba. In na ce naƙuda nake yi, na mayar da Gwaggo maƙaryaciya a gaban maƙwabciya. In kuma aka juya da ni aka je aka ce da saura fa?

Malama ta ajiye mota kusa da layin dogo. Shirin Gwaggo na biyu shi ne mu bari ta shige kasuwa mu tari adaidaita mu koma. Amma Malama ta kama hannuna ta ce sai ta nuna mini wata mata da ke sayar da kayan jarirai masu kyau, ba nisa. Muka kutsa ta layin 'yan gwari. Warin ruɓaɓɓen tumatir, masu baro suna ihun a ba su hanya, ƙasa duk caɓi. Ina tafe ina jin kamar ƙafafun wata ne aka ara mini.

A gaban wata mai sayar da attarugu na ji wani abu ya ɓalle a cikina, ruwa mai ɗumi ya biyo ƙafafuna har cikin takalmi. Faya ce ta fashe, wannan kam na gane. Matar ta miƙe tana nuna ƙasa tana faɗin wani abu da Turancin buroka. Gwaggo, Allah ya ba ta lafiya, ta tare gabana da faɗin hijabinta ta ce, "Ba komai, fitsari ne ya kufce mata, kun san masu ciki."

Ban san daga ina muryar ta fito ba, kuma ta fi ƙarfin yadda na yi niyya. Na ce, "Naƙuda nake yi. Ina da hawan jini, kaina yana ciwo, ba na gani sosai."

Layin ya kaure gaba ɗaya. Malama ta dafe ƙirji. "Yesu! Tun a mota?"

"Tun a gida."

"Haba Hajiya! Haba!"

"To ai ga shi nan kin ji," in ji Gwaggo. "Kowa ma ya ji."

Wata motar albasa ta tare motar Malama ana sauke kaya. Malama ta ce ko ba a tare ba Shika ta yi nisa yanzu, akwai wani ƙaramin asibiti nan baya inda wata 'yar cocinsu take aikin ungozoma. Mata suka ɗaga ni cak zuwa cikin adaidaita. Ina ta cewa katina na can ne, ba na nan ba ne, babu wanda ya kula ni.

Daga nan abin da nake tunawa gutsi-gutsi ne, kuma ba na rantsuwa a kan jerinsu. Ungozomar gajeriya ce mai tabarau. Ta karanta katina, ta gwada jinina, ta sake gwadawa a ɗaya hannun. Ta ce a kira likita. Aka sa mini ƙarin ruwa, aka yi mini allurai a ɗuwawu masu zafin da ya sa na manta da naƙudar na ɗan lokaci, jikina duka ya ɗau ɗumi kamar an zuba mini ruwan zafi ta ciki. Na tambaye ta ko jijjigar ce ta fara. Ta ce a'a, maganin hana ta ne. Na tambaye ta ko yaron yana da rai. Ta ɗora wani abu a cikina ta kara kunnenta, ta daɗe, sannan ta ce yana nan, in daina surutu.

Aka ce kada in yi nishi. Jikina kuwa nishin yake yi ba da izinina ba, ina ta ba ta haƙuri. Can kuma aka ce in yi nishi, sai na rasa ta inda ake yinsa. Ta taga ina jin Gwaggo tana cewa, "Daure, 'yar nan, kada ki ba mu kunya, ki kama sunan Allah." Ungozoma tana cewa, "Yi ihunki in kina so, amma ƙarfin ki tura shi ƙasa." Ta wata tagar kuma muryar Malama ce tana addu'a da yarensu. Na so in yi wa kowa biyayya. Ina jin abin da ya fito daga bakina ba ihu ba ne ba kuma shiru ba, wani gurnani ne da ban taɓa sanin ina da shi ba.

Na tuna na ce, "Anti, ina ganin kamar yana zuwa, amma ban tabbata ba."

Ta yi dariya har tabarau ɗinta ya zame. "Kan yaro a hannuna kina cewa ba ki tabbata ba? 'Yan boko! Tura mini!"

An yi mini ƙari, amma sai wajen ɗinki na sani. Abin da na ji shi ne wani santsi, sai cikina ya zama fanko. Ta ce mace ce. Na ɗaga kai na ga wani abu mai launin toka a hannunta, ba motsi. Ta juya mini baya ta kai ta kan tebur, ita da likitan da ban ga shigowarsa ba, suna murza bayanta, suna zuƙe mata hanci. Babu mai magana. A waje ma an yi shiru, ko kuwa ni ce na daina ji. Sai wata 'yar siririyar ƙara, kamar ta ɗan kyanwa a bayan katanga. Na ce, "Tawa ce, ko ta wancan ɗakin?" Likitan ya ce babu kowa a wancan ɗakin.

Wajen la'asar aka mayar da ni wani gado kusa da taga. Matan kasuwa suka riƙa leƙowa suna barka, waɗanda ban taɓa gani ba. Mai attarugun ta kawo mini takalmina ƙafa ɗaya da na bari a gaban rumfarta, ta wanke shi tas. Gwaggo tana zaune a ƙasa riƙe da jaririyar, idanunta jawur, tana gaya wa ungozoma cewa da ba a ji ba da tuni an gama tun azahar. Ungozoma ta ce ita a wurinta wannan ai gajeriyar naƙuda ce ga mai cikin fari, kuma da an ƙara jinkiri da wani labarin ake yi. Suka juyo suna kallona kamar ni zan raba gardamar. Ni kuwa ba ni da wata naƙudar da zan gwada ta da ita.

Maigidana bai iso ba sai gab da magariba. Malama ta kira shi a waya, layin yana yankewa, abin da ya ji kawai shi ne asibiti, don haka ya wuce can inda nake awo ya yi ta neman matarsa ɗaki-ɗaki. Ya shigo rigarsa jiƙe da gumi, bai ko gaida Gwaggo ba ya tambayi ungozoma jinin fa. Ta ce ya fara sauka, za su riƙe ni su ga yadda zai kwana, amma abin tsoron ya wuce. Ya zauna a bakin gado. Aka miƙa masa 'yarsa ya yi mata kiran salla a kunne.

Sai da ya mayar wa Gwaggo ita sannan ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali, "Wai don Allah me ya kai ku kasuwa?"

Na fara daga shinkafar da nake tsincewa. Na bi hanyar a kaina tun daga ƙofar gida har layin 'yan gwari, ina neman wurin da ni na yanke shawarar wani abu, ban samu ba. Yana ta jira. Na ce masa ya bari tukuna, in na gane zan gaya masa.