Tayar Bayan da Yaya Haruna Yake Cirewa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Haruna, kuma bana ce ta farko da ban samu zama na yi masa addu'a a natse ba. Ranar da kwanan ya zagayo, kaina yana cikin bonet ɗin motarsa, hannuwana sun yi baƙi ƙirin. Allah ya jiƙansa, na san da yana nan sai ya ƙoshi da dariya kafin ya karɓi sifanar daga hannuna.

Yaya manomi ne a ƙauyenmu da ke bayan Fakuwa, amma mota ce ta fitar da sunansa. Tsohuwa ce mai dogon baya, mai shan gas, wadda ake jin ƙararta tun ba ta shigo gari ba. Ita ke kai gero da gyaɗa kasuwar Kankia, ita ke ɗaukar kayan amare, kuma duk wanda ciwo ya kayar ko naƙuda ta tsananta, ita ake nema. Bai cika kai ta gareji ba. Yakan ce makanike bai san wanda za ta ɗauka gobe ba, shi kuwa ya sani, don haka gindin dalbejiyar ƙofar gida shi ne garejinsa.

Aikin da ya fi ba muhimmanci shi ne canjin taimin bel. Wani bel ne na roba mai haƙora a gaban inji, shi ke sa sama da ƙasan injin su riƙa tafiya tare. In ya tsinke, ko aka ɗaura shi a karkace, fistin zai daki bawul, shi ke nan inji ya buga. A bayansa famfon ruwa yake, kuma Yaya ba ya canza ɗaya ya bar ɗaya. Cewa yake wanda ya sa sabon bel a kan tsohon famfo, wanka ya yi ya mayar da riga mai datti.

Akwai abu biyu da yake yi da muke tsokanarsa a kai. Kafin ya taɓa komai sai ya aiki matarsa Binta ta kawo jan farcenta, ya ɗiga a kan kowane fuli, wato faifan da bel yake zagayawa a kai, da jikin inji, don ya san inda kowanne ya tsaya. Wannan ko ni malamin makaranta da alli kawai na sani na gane amfaninsa. Ɗayan ne ya sha mini kai: sai ya ɗaga motar da jak, ya cire tayar baya guda, ya kifa tsohon turmi ya ɗora ƙafar a kai. Maƙwabcinmu Malam Iro ya taɓa tambayarsa, "Haruna, ciwo na ga kai, mi ya kai ka ɗaure ƙafa?" Yaya ya yi murmushi ya ce, "Malam, mota mai ƙafa uku ba ta da masu taimako." Muka yi dariya, muka sa maganar cikin barkwancinsa.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, ba a daɗe ba bayan ya yi wannan aikin na ƙarshe. Motar ta zauna a hannun iyalinsa, ni nake jan ta in na dawo daga Kusada, inda nake koyarwa, a ƙarshen mako. Ban taɓa belin ba, ina ganin ai ba ma tafiya mai nisa. Na manta roba tana tsufa ko tana kwance.

Bana damina ta yi nisa sai Hadiza, babbar 'yarsa, ta dawo gida da tsohon ciki. Haihuwarta ta fari a gidan mijinta aka yi, an yi ta neman abin hawa har rana ta yi tsaka, da aka isa asibiti an ceto uwar, jaririn bai zo da rai ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Wannan karon Binta ta ce 'yarta ba za ta haihu ko'ina ba sai inda motar mahaifinta take. A makon da Hadiza ta zo kuwa na ga ruwa yana ɗiga ƙarƙashin inji, na leƙa na tarar famfo ne ke yoyo a kan bel. Shi kansa belin duk ya tsattsage.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zamanin nan. Gas ya yi tsadar da masu irin motarsa suka jingine su, makaniken da ya san injinta a Kankia ya koma birni, samarin da suka rage babur suka sani. Kayan gyara kuwa sai ka yi da gaske kafin ka rabe na ƙwarai da jabu, kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya. Na sayo bel da famfo, na buɗe waya ina kallon wani Bature yana koyar da aikin a garejinsa mai kama da ɗakin tiyata. Komai ya nuna dalla-dalla, amma ban ga ya cire tayar baya ba, ni ma sai na bar ta. Abin da ban lura da shi ba shi ne, Baturen nan ba shi da maƙwabta.

Da safe na zubar da ruwan lagireto, na kwance murfin gaba. Ina goge maiƙo sai ga ɗigon jan farce, ya dusashe amma yana nan, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Na daɗe a tsaye ina kallonsu, don ban yi zaton zan sake ganin aikin hannunsa ba. Na daidaita alamomin, na sa motar a giya don kada inji ya motsa, na zare tsohon bel, na cire famfo. Ana kiran azahar na wanke hannu na tafi masallaci, na bar bonet a buɗe.

Muna cikin salla hadari ya taso. Na tsaya gaisawa da liman, ina fitowa na hango abin da ya sa na zuba a guje. Malam Iro ne da mazan unguwa sun dafa bayan motar, suna ta "Ku tura! Ku tura!" za su shigar da ita rumfa kada ruwa ya jiƙa inji. Ta matsa kaɗan ta cije. Suna shirin ƙara ƙarfi na kwarma ihu. A giya take, ba bel, duk taku ɗaya da ta yi fistin ne ke hawa yana neman bawul. Cijewar nan da ta yi, ƙarfe ne ya haɗu da ƙarfe.

Malam Iro ya juyo yana haki, fuskarsa cike da murna. "Malam Sada, mun ga ruwa zai ɓata maka aiki. Motar marigayi ce, ba mu iya wucewa mu bar ta." Me zan ce masa? Waɗannan su ne suka ɗauki makarar Yaya. A garinmu ba a ganin mota a tsaye a wuce, kamar yadda ba a ganin jinka a ƙasa a ƙi kama ta. A nan, cikin ruwan, maganar mota mai ƙafa uku ta faɗo mini. Ashe Yaya ya san mutanensa ne. Bai taɓa ce wa kowa kada ya taimake shi ba, kawai yakan bar motar yadda ba mai iya tura ta, kowa ya wuce da mutuncinsa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Na yi musu godiya. Ban san ko bawul ya lanƙwashe ba, kuma ba yadda zan sani sai na gama. Hadiza ta fito zaure tana dafe da ƙugu ta ce, "Baba Sada, za ta tashi kuwa?" Na ce in sha Allahu, ban iya kallon idonta ba. Tsoro nake ji sosai, irin wanda ban ji ba tun ranar da Yaya yake kwance.

Da ruwa ya ɗauke na fitar da ita daga giya, na riƙa juya fulin ƙasa baya a hankali har ɗigon jan farce ya dawo kan ɗan'uwansa. Ba don ɗigon nan ba da ban san inda zan tsaya ba. Na ɗaura famfo, na sa bel, sannan na yi yadda na sha ganin yana yi: ban taɓa makulli ba sai da na zagaya injin da sifana, ina saurare ko wani abu zai toge. Bai toge ba. Na zuba ruwa, na yi bismilla na murɗa. Ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta kama. Duk da haka kwanakin da suka biyo baya ban koma Kusada ba, kullum da safe sai na tayar da ita na kasa kunne, duk wata 'yar ƙara sai in ji kamar ita ce.

Naƙudar ta zo da hantsi, bayan an kwana ana ruwa. Binta ta riƙe Hadiza a baya, na ja muka fita. A mashigin rafin da ke bayan gari tayoyin suka nutse a laka, ina taka mai suna juyawa a wuri ɗaya, Hadiza tana salati. Na duba madubi sai ga Malam Iro da mutanensa sun yar da fartanya daga gonaki suna gudu, ba wanda ya kira su. Na leƙa ta taga na ce, "Yau kam ku tura!"

Kafin la'asar Hadiza ta haifi 'yarta mace a asibitin Kankia, da ranta da lafiyarta.

In ana maganar abin da mamaci ya bari, gona da gida ake lissafawa. Ni abin da na gada wurin Yaya ɗigon jan farce ne da tsohon turmi, da sanin cewa hannun da zai iya ɓata maka aiki yau shi ne zai fitar da kai daga laka gobe, don haka ba a korarsa. Allah ya kai haske kabarinsa. Turmin yana nan gindin dalbejiya, na hana Binta ta faskara shi. Ranar suna Malam Iro ya zauna a kansa ya ce har yau bai gane dalilin da ya sa marigayi yake cire tayar nan ba, ni kuwa na miƙa masa goro ban gaya masa ba.