Gorar Zoɓon Umma

Na buga wasanni da yawa waɗanda yanzu ko fuskar abokin karawata ba zan iya tunawa ba, amma ranar da na zauna a kan benci mutane suka zagaye ni suna jiran su ga ko zan faɗi, wannan kam har in koma ga Allah tana nan a kaina.

Ni ɗan Gangare ne, unguwar Musulmi a Jos, kuma tun ina ƙaramar sakandare na watsar da boko. Ba wai kaina ba ya ja ba, zama ne ba na iyawa. An kai ni wajen tela na gudu, an kai ni gyaran waya na gudu, daga ƙarshe na kama tuƙin Keke, don shi aƙalla yana motsi. A Keken ne na ɗauki wani dattijo mai jakar raket, na kai shi filin tanis, na tsaya kallo har na manta da fasinja. Shi ne ya zama kocina. Mutumin Filato ne, ba ya fashin coci, kuma "yarona" yake ce mini har yau da na yi gemu.

Bayan 'yan shekaru aka kawo wata ƙaramar gasa Jos, irin wadda masu son zama ƙwararru ke farawa da ita. In ka ci wasa ka samu maki, sunanka ya shiga jeri, ka fara jin ƙanshin Abuja da Legas. A zagayen farko ba alƙali a kan kujera, rafari ɗaya ne ke zagaya filayen, benci ma ɗaya ne ku biyu za ku raba. Da safe Umma ta cika mini tsohuwar gorar roba da zoɓon da take sayarwa a ƙofar gida, mai citta da kanumfari, har da ƙanƙara a ciki.

Wanda aka haɗa mu wani dogo ne ɗan Tudun Wada, unguwar da yawancinta Kirista ne. Ya zo da yayansa da abokansu cike da mota, suna ta ihu a bayan waya. Lokacin zafin nan ne na gab da faɗuwar damina. Ya ci zubin farko da ake kira set, na ci na biyu, muka shiga na uku kowa harshe a waje. Da muka zauna hutun canjin gefe, na ga ya ɗaga gorarsa ya girgiza, babu ko ɗigo. Ni kuma na buɗe tawa.

A gidanmu, in ka kai abu baki da mutum a gefenka ba ka yi tayi ba, sai ka ji hannun Umma a ƙeyarka. Ban ma yi tunani ba, bakina ne ya faɗa da kansa.

"Bismillah, ɗan'uwa."

Ya kalli gorar, ya kalle ni, ya karɓa ya kafa kai. Ya sha sosai, ya ce, "Kai, Allah ya yi albarka." Daga baya na san cewa a wannan harkar ɗan wasa ba ya karɓar abin sha daga hannun kowa, ba ya kuma bayarwa. Ba wanda ya taɓa gaya mini, don kowa ya ɗauka abu ne da aka sani.

Ba a jima ba ya tsaya zai yi sabis. Ya jefa ƙwallo sama, bai ɗaga raket ba. Ƙwallon ta sauko ta bugi kafaɗarsa, shi ma ya bi ta ƙasa, tim, kamar buhu. Na tsallake raga na isa kansa. Idonsa ya juye, sai fari, ga jan zoɓo a gefen bakinsa kamar jini.

Aka kinkime shi aka sa a mota. Motar ba ta gama fita ba na ji wani ya ce, "Na gani da idona, wani jan abu ya ba shi." Sai na ji an shaƙe wuyan rigata. Yayan ne.

"Me ka ba ƙanena?"

"Zoɓo ne, yallaɓai, wallahi zoɓo ne."

"Zoɓo yana kayar da mutum? Kana gani zai cinye ka, ko?"

Na waiga, wayoyi sun tashi sama ana ɗaukata. Wani ya je ya tura get. Duk wanda ya tashi a Jos ya san abin da ya faɗo mini a rai. Magana a garin nan ba ta tafiya yadda ta fito. Kafin ta kai kasuwar Terminus ta zama yaron Gangare ya ba yaron Tudun Wada guba. Ina ƙarami na ga yadda ake rufe shaguna a guje, iyaye mata na gudu ba takalmi suna neman 'ya'yansu, kuma in ka bi asalin abin sai ka tarar bai fi wannan ba. Na tuna Umma tana zaune a ƙofar gida da kularta, ba ta san komai ba, kuma ita ta dafa.

Ban san inda dabarar ta fito ba. Na fizge, na ɗauki gorar, na ɗaga ta kowa ya gani, na shanye abin da ya rage. Na zata shi ke nan. Ina! Rafari ya dafe kai ya ce na shanye shaida. Wani daga baya ya ce, "Ai ya sha makari tun daga gida." Yayan ya nuna mini benci.

"Zauna nan. Ba inda za ka sai an kira ni daga asibiti."

Na zauna, ya tsuguna a gabana yana kallon cikin idona. A nan na san tsoro. Na yi awanni ina gudu a rana, ga zoɓo mai sanyi na ɗura a cikin da ba komai, ga fargaba. Cikina ya fara juyawa, ƙafata ta fara ɗaurewa, jiri na ɗibata. Kuma na san in na yi amai ko na kife, to na tabbatar musu guba ce. In kuma na zauna garau shi ya mutu, sun ce makari na sha. Na cije haƙori, ina haɗiye yawu, ina karanto duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa.

Sai Koci ya ratso mutane a hankali, kamar mai zuwa sayen goro. Ya zauna a gefena har kafaɗarmu na gogar juna. Ya ɗauki gorar, ya kalli 'yan Tudun Wadan nan da ya san iyayen wasunsu, ya karkata ta ya girgiza ɗigon ƙarshe a harshensa. Ya tsotsi baki.

"Yarona, ka gaya wa Mama naka citta ya yi yawa."

Ba wanda ya yi dariya, amma waɗanda suka matso sun ɗan ja baya. Ya ce da yayan, "Yanzu mu biyu kake jira."

Ban san tsawon zaman ba. Na dai ga inuwar raga ta tashi daga wuri ta koma wani. Can wayar yayan ta yi ƙara. Ya miƙe, ya juya mana baya yana saurare, sai kawai ya durƙusa a kan gwiwoyinsa ya rufe fuska. Na ce a raina shi ke nan, ya mutu. Na fara kalmar shahada.

Ashe godiya yake wa Allah. Yaron ya farfaɗo. Maleriya ce ke cinsa kwana da kwanaki, ya ɓoye wa kowa don kada a hana shi gasar, ya je kemis da safe aka yi masa allura, ya shigo fili ko karyawa bai yi ba.

Ina jin haka cikina ya saki. Na kelaya amai ja wur a gaban kowa, har kan takalmin rafari. Mutane suka yi tsalle baya, wata ta ƙwala ihu, sai Koci ya fashe da dariya, sauran suka biyo shi. Ni kuka nake.

An ba ni wasan, amma washegari wani ɗan Legas ya share ni kafin in gama zufa. Da yamma na je asibiti. Yayan na bakin ƙofa, bai ba ni haƙuri ba, ya dai tashi ya ba ni kujerarsa. Dogon yana kwance da ƙarin ruwa a hannu, ya gan ni ya washe baki.

"Aboki, ka zo hannu haka? Ina zobo?"

Har yau ina buga ƙananan gasa, kuma har yau ban iya shan abu ban yi tayi ba, sai dai yanzu ruwan leda nake miƙawa, a rufe, mutum ya huda da haƙorinsa. Abin da ya canza sosai kunnena ne. In ina cikin Keke fasinja ya ce, "Kun ji wai wani yaro ya yi kaza a unguwa kaza?" ba na ƙara ko kalma, ba na kuma kai ta gaba. Na taɓa zama wannan "wani yaron", a kan benci, da amai a maƙogwaro, ina jiran waya ta yi ƙara.