Shirun Ƙanwata a Gidan Masera

Abubuwa da yawa sun shige mini yanzu da tsufa ya zo, amma zuwan da na yi Dogon Dutsi neman ƙanwata, jim kaɗan bayan an ba mu mulkin kai, wannan kam sai dai in tafi da shi kabari. Har yau in na tuna sai zama ya gagare ni.

Ni na reni yarinyar nan, don innarmu ta rasu ta bar ta tana rarrafe. Da ta tasa sai gyambo ya kama ta, muka yi na gida har muka gaji, na ɗauke ta daga Matankari na kai ta wurin masera, wato matan nan Kirista masu fararen tufafi, waɗanda suka haƙura da aure suka zauna gida ɗaya suna ibada da jinyar mutane. Gyambo ya warke, yarinya ba ta dawo ba, wai tana koyon karatu da ɗinki. Da ta shiga addininsu na yi faɗa har na gaji, na ce ba komai, ranar da miji ya fito ai dole ta dawo. Ina nan ina tara mata tasoshi da ƙore.

Wata ranar kasuwa bayan kaka, sai wata mai goro ta ce mini ta ji ran Lahadi za a tafi da ƙanwata ƙasar Mosi, can za ta koyo zama masera. Ban ko ƙarasa cinikin da nake yi ba. Na bar wa maƙwabciya yara, na ɗaura ɗamara na kama hanya da ƙafa.

Na isa da la'asar, na rangaɗa sallama a bakin shingen gidan masera. Ga su nan kuwa ƙarƙashin itatuwa, kowace da carbinta tana kai da kawowa, amma ba wadda ta amsa. Na sake, na kuma sakewa. Ɗaya ta dube ni ta yi murmushi, ta ɗora yatsa a baki ta wuce. Can sai ga ƙanwata da tulu a kai. Na kira ta da ƙarfi, ta tsaya, muka haɗa ido, na ga hawaye ya cika mata ido, sai ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin an gai da mutum ya yi shiru ba, sai in gaba ake yi ko kuwa ba lafiya.

Wani tsoho mai yi musu lambu ya ajiye gugarsa ya zo.

"Ɗiyata, yi a hankali," in ji shi. "Shiru sunka shiga. Kowace shekara haka su kai, mako guda ba su magana da kowa sai da Allah."

"Baba, wane irin Allah na ba ya son a amsa gaisuwa?"

"Ki koma gida, ki dawo ran Lahadi."

"Ran Lahadi ai an tahi da ita!"

Mu fa mutanen Arewa ne, wato ƙasar Dogon Dutsi da kewayenta, cikin bori muka tashi. Na san doguwa, iskar nan da ke ɗaure wa mutum harshe, na ga waɗanda ta kama da idona. Nan take na yanke cewa ita ce, ko kuwa wani abu suka ba ta ta ci. Na sauka gidan wata 'yar garinmu, amma saukar suna ce kawai. Tuwo ba ya shiga, tabarma ba ta riƙe ni. Gari na wayewa ina bakin shinge, in zaga gaba, in zaga baya, in leƙa ta nan, in leƙa ta can. Har na haddace zamansu: a buga ƙararrawa su yi layi zuwa ɗakin addu'a, a buga su fito shara da wanki, a buga su zauna cin abinci, ba ka jin komai sai ƙarar cokali. A ɗakin addu'a kuwa suna waƙa, na kuma tsinci muryar ƙanwata a ciki sarai. Mai hankali da ya gane harshe lafiya yake. Ni kuwa na ce ai ga shaida, iskoki ma da waƙa suke sauka.

Da na ga Lahadi na matsowa, sai na nemi wata 'yar bori ta haɗa mini turaren kora. Na zuba garwashi a kasko, na tsuguna daidai tagar ɗakin addu'a da hantsi, na yi ta fifita. Hayaƙi ya turnuƙe su, waƙa ta koma tari. Ni kuma ina ihu: "In ke ɗiyar innata ta, ki hito!"

Ƙofa ta buɗe. Babbarsu, wata tsohuwar Baturiya da ta ji Hausa kamar jakin Kano, ta fito riƙe da hannun ƙanwata. Na miƙe na shirya faɗa, amma ba faɗa ya kawo ta ba. Ta ce da ƙanwata a hankali, "Don Allah muke shirun nan, ba don mu ƙona zuciyar kowa ba. Yi magana da yayarki." Ta juya ta ba mu wuri.

Yarinya ta durƙusa ta gaishe ni gaisuwa cikakka, ta tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya. Ni ko ina ta duba ƙwayar idonta, ina neman alamar iska, ban ga komai ba.

"Tashi mu tahi gida," na ce.

"Yaya, lahiyata lau. Ba iska, ba sammu, ba wanda yah hana ni hita. Ni nika so."

"Auren fa? Kayan da nit tara miki fa?"

"Ki aje ma ɗiyarki. Abu guda nika roƙo, ki sa mini albarka, don ba ni da uwa sai ke."

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. A wurin na gane ashe duk kwanakin nan fata nake a ce iska ce, don iska na san maganinta, akuya ce da masu goge, a yi wasa a sallame ta. Wannan kuwa ba ni da maganinsa. Na ɗauki kaskona na tafi, na bar ta a durƙushe.

Sau biyu ina kama hanyar Matankari ina juyowa. Ran Lahadi na same su a tasha, ta riga ta hau bayan babbar mota da ɗan ƙunshinta. Na ce ta sunkuyo, na tofa a tafin hannuna na shafa mata a ka, na ce Allah Ya tsare. Iyakar abin da bakina ya iya ke nan, kuma sai da aka yi shekaru kafin in sake ganinta.

Tun daga ranar na koyi cewa in naka ya ɗauki hanyar da ba taka ba, kada ka yi saurin neman wanda ya yi masa asiri. Ka tambaye shi da bakinka, ka kuma shirya jin amsar da ba ka so.