Amanar Tsohon Rasha da Na Bari Danshi Ya Ci

Edita, salamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru ina direban bas a Landan, muna zaune da iyalina a gidan haya na ƙaramar hukuma a unguwar Lewisham. Ni mutum ne mai son tsari, kuma in na yanke magana a gidana ba a tayar da ita. Karatuna bai yi nisa ba, na boko da na addini, amma ɗan abin da na sani ina riƙe shi da ƙarfi.

Ƙofarmu tana kallon ta wani tsoho ɗan Rasha da ba shi da kowa. Ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini Alhaji, ko da yake na sha gaya masa ban sauke farali ba tukuna. Sai ya ce ai shi ma a ƙasarsu an daɗe ana ce masa mahaukaci, kuma har yau yana jiran haukan ya zo. Wata rana ya nuna mini aikinsa. Ya ce a zamanin kwaminisanci duk injin buga takarda na gwamnati ne, don haka shi da amininsa sai su yanki ledar shimfiɗar kicin, su sassaƙa zane a kanta da wuƙa, su shafa tawada, su ɗora takarda su goge da bayan cokali. A cikin zanen na ga wani shugaba da lambobin yabo suka rinjaya yana rarrafe, na ga mutane a layi bakin kantin da babu komai sai hoton burodi. Na yi dariya sosai. Ya ce dariyar nan ce ta raba shi da ƙasarsa, aminin kuwa aka kai shi gidan mahaukata, bai fito ba. Rabin zanen na aminin ne, kuma babu wani kwafinsa a duniya.

Da za a kwantar da shi a asibiti sai ya kawo mini kwalin da takardun zanen da ledar suke ciki, ya roƙe ni in ajiye inda babu danshi. Na karɓa. Da farko na ɗora shi a kan kabad. Daga nan zuciyata ta fara raya mini cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gida mai surori, ga shi a ɗakin muke salla. Matata ta ce ai a rufe suke, in tambayi malami mana. Na ce ban nemi fatawarta ba. Sannan na sauke kwalin zuwa ɗakin ajiyarmu na ƙasan bene, na kulle. Har sanyi ya fita ban leƙa ba.

Baba ya dawo a keken guragu, hannun damansa ya shanye. Kafin ya tambayi lafiyar kowa ya tambayi kwalin. Da na sauka na ɗaga kwalin sai gindinsa ya ɓalle. Ruwa ya bi bango, takardun sun manne sun zama curi guda baƙi, ledar ta yi hunhuna, ka taɓa ta karye. Haka na kai masa. Ya daɗe yana ɓamɓara da hannun hagu yana neman na amininsa. Bai zage ni ba. Ya ce 'yan sandan ciki na ƙasarsu sun yi ta farautar takardun nan sun kasa, ashe gwanin yana Lewisham. Sai ya ce in ja masa ƙofar. Daga baya aka mayar da shi gidan tsofaffi, na je ya ƙi ganina, a can ya mutu.

Malamin da na ƙi tambaya a kan kari shi ya ce mini ina da damar ƙin karɓa tun farko, amma da na karɓa, tsarewa ta zama wajibi. Na yi istigfari, sai dai hakkin na mutum ne, kuma mai yafewar yana ƙasa. Jama'a, in ba za ku iya riƙe kayan mutum ba, ku gaya masa tun yana tsaye a ƙofarku, ya nemi wani.