Ƙoƙon Kwaɗin Inna Ya Fito

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, Inna Hadiza, amma sai a daminar nan ta ci gardamar da ta bari.

Tana cikin matan da suka yi dakon duwatsu suka dasa itatuwa a tudun bayan ƙauyenmu, kusa da Tamaske, lokacin da wurin ba ko inuwar da akuya za ta raɓa. In aka tambaye ta yaushe za a ce daji ya dawo, takan ce sai ranar da aka ga ƙoƙon kwaɗi. Wai tana yarinya, kafin fari, akwai wani ɗan tsiro dangin laimar kwaɗi, ruwan goro, bai fi farce girma ba, bakinsa a buɗe yana kallon sama. Ba ya fita sai a jikin ruɓaɓɓen icce, inda inuwa da danshi suka zauna.

Cikinmu ba wanda ya taɓa ganinsa. Baba Illa, ƙanen mahaifinmu kuma abokin wasanta, ya ce mafarki ta yi. Har ya rantse gaban mata, ranar da aka nuna masa, shi zai daka mata gero da hannunsa. Ta rasu ana mata wannan dariya, abin kuwa ya daɗe yana ci mini rai.

Watan jiya, bayan an ɗauke ruwa, na ɗaga wani reshen bagaruwa da ya faɗi a tudun nan, sai ga 'yan tsiron nan bakwai a jere. Na tura wa wani malamin daji hotonsu. Ya ce masu kama da juna suna da yawa, hoto ba ya raba su, kada dai kowa ya kai baki. Ni alamomin Inna na bi ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta saɓa. Na yi ta dariya ni kaɗai, har da hawaye.

Na goyo Baba Illa a babur zuwa wurin. Ya durƙusa da ƙyar, ya jima yana kallo.

"Shi na," ya ce. "Matag ga ta kada ni. Ku kawo mani turmi."

Alkawari kaya ne. Ranar Juma'a tsohon ya ɗauki taɓarya a tsakar gida, mata na guɗa, aka yi gumba aka raba sadaka da sunanta. Da tana nan, na san za ta murza garin ta ce ya sake, bai yi laushi ba.

Inna ba ta bar shanu ba, ta bar mana dajin da ya yi kaurin da har icce ke ruɓewa a inuwarsa. Allah ya jiƙanta. Gumbar dai duk tsaki ce, amma ko loma ba ta rage ba.