Saniyar da Manzo Ya Zana da Yashi

In ka ratsa kasuwar Dungas, da wuya ka wuce rumfar da babu hannun Manzo mai fenti. Allon wanzamai nasa ne, na masu gyaran moto nasa ne, har zakin da ke bayan kamiyo, babbar motar kayan nan ta Mallawa, wanda ya fi kama da ƙatuwar kyanwa, shi ya zana shi. A tashar Magarya ya koyi sana'ar, kuma sauri ne tinƙahonsa: ka ba shi aiki da hantsi, kafin azahar ya bushe.

Wata ranar kasuwa sai ga Yero, wani dattijo makiyayi daga wajen Waca. Ganinsa na dushewa, likita kuma ya ce ba magani. Yana son ya sake ganin Wule, saniyar da ya gada wajen uwarsa, wadda ta mutu a shekarar fari ba ko hoto.

"Baffa, wannan ai aikin yini ne," in ji Manzo.

Ya zana ta kuwa, sul-sul, sai sheƙi. Yero ya kai hanci jikin allon, ya ja tsaki.

"Ɗana, wannan saniyar mahauta ce. Tawa ba ta taɓa tsayawa kamar mai jiran wuƙa ba."

Wallahi Manzo ya ji zafi. Amma gaskiya ce, iyakar shanun da ya taɓa zanawa na rumfar nama ne. Sai ya rufe shago, ya bi garken Yero daji, yana kallon jikokin Wule. Tsohon na gefe yana bayani: farin goshi, tozo a karkace, ƙahon hagu da ya gutsure a bakin rijiya. Mai saurin nan ya zama sai zane, sai gogewa, har damina ta wuce.

Ran da ya kai allon, Yero ya juya fuska inda ba nan yake ba. Idon ya riga ya tafi. Ya shafa allon, sumul, ba komai. "Na gode, ɗana," ya ce, don kara kawai.

Manzo ya koma gida cikin baƙin ciki. Washegari ya dawo, ya ɗebi yashin garken, ya dama da ƙaro da fenti, ya riƙa ɗorawa har jikin saniyar ya taso. Matan rugar na dariya, wai fenti ne ko kunu?

Yero ya aza hannu. Yatsunsa suka bi tozo, suka gangara wuya, suka hau ƙahon hagu. Da suka iso gutsuren, suka tsaya cak. Sai tsohon ya yi irin kiran da yake mata da yamma, hawaye na zuba.

Yau ba wanda ke kai wa Manzo aikin gaggawa, ga buhun yashi kullum a shagonsa. In an tambaye shi wa ya koya masa zane, ba ya ambaton tashar Magarya. Cewa yake, "Baffa Yero, Allah ya saka masa da alheri."